Koyar da Japananci ta hanyar shirin ko-ta-kwana

Ɗalibin da ya iya hiragana, haruffan Japananci na farkon koyo, ya iya ƙirga, ya fara taɓa aikatau mai ƙarewa da -te, ya isa a ɗora masa aikin shirin girgizar ƙasa. Duk mai zama a Japan zai ji ƙasa ta motsa ko ba daɗe ko ba jima, shi ya sa ɗalibai ba sa wasa da darasin.

A fara da jakar ko-ta-kwana. Kowane rukunin ɗalibai ya haɗa kayan kwana uku: ruwa lita 3 ga mutum ɗaya a rana, tocila, rediyo, batir, magani, abincin gwangwani. A nan kalmomin ƙirga suke fitowa da kansu. Gorar ruwa ɗaya ippon, biyu nihon, uku sanbon. Da yawa za su ce sanhon, sai a gyara tun da zafinsa.

Kiran 119, lambar 'yan kwana-kwana da motar asibiti, ya fi ba da wuya. A zaunar da ɗalibai biyu baya da baya, kada su ga bakin juna. Mai karɓar kira ya tambaya: kaji desu ka, kyuukyuu desu ka, gobara ce ko jinya? A wajen adireshi ake cijewa, domin na Japan daga gari yake gangarowa zuwa unguwa da lambobi, kuma yawancin tituna ba su da suna. Kowa ya haddace adireshi guda, haɗe da alama kamar eki no mae, gaban tasha.

Bayan girgizar ƙasa ta birnin Kobe a 1995, inda baƙi da dama suka kasa gane sanarwa, aka ɓullo da sauƙaƙan Japananci, yasashii nihongo. Wasu malamai sukan tsaya a kansa kaɗai, kuma wannan ganganci ne. Lasifikar unguwa tana iya cewa hinan shite kudasai, a fice zuwa mafaka, alhali ɗalibi nigete kudasai, a gudu, kawai ya sani. A raba kalmomin gida biyu: waɗanda zai faɗa, irin su tasukete (a taimaka) da abunai (akwai haɗari), da waɗanda zai gane in ya ji ko ya gani. 避難所, wato matsugunin gudun bala'i, a rukuni na biyu yake. Harafinsa na farko zane 16 ne, na biyu 18. Ɓata lokaci ne a sa ɗan koyo ya rubuta su, ya dai shaida su a jikin allo.

Tsawon wasali ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, amma boko ba ya nuna shi, sai ɗalibi ya yar da shi a rubutu, daga nan ya zube a baki. Kite zo ne, kiite saurara, kitte kuwa, mai ninkin t, yanka.

Jarrabawar kada ta zama ta takarda. A kunna sanarwa cikin hayaniya, a ga wa zai shige ƙarƙashin tebur, wa zai nufi ƙofa. Bidiyon tsunamin 2011 kuwa a bar shi, don akwai ɗaliban da ambaliya ta taɓa cinye gidajensu. Taswirar unguwa da hotunan alamu sun wadatar.