Ƙasar jigawa da ta fadama a kwalbar gwaji

Tambayar da kawuna ya yi mini ce ta sa ni wannan aiki. Yana noma masara a wajen Samaru, yana feshin maganin ciyawa atrazin kowace damina, ya ce: "Ɗana, maganin nan in ya kashe ciyawa, ina yake zuwa?" Ina karatun kimiyyar ƙasa a lokacin, amma na kasa ba shi amsa.

Na ɗebo ƙasa iri biyu: jar ƙasar jigawa daga gonarsa, da baƙar laka daga fadamar Kubanni. Na shanya su a inuwa, na tankaɗe da rariya mai ramin milimita 2. Kowace kwalba ta samu ƙasa daidai awo da ruwan kalsiyam kuloraid (wani nau'in gishiri) mai ɗauke da magani, injin girgiza ya yi ta kaɗa su awa 24. Abin da ya ragu cikin ruwan shi ake aunawa. Wanda ya ɓace, ƙasa ta riƙe.

Kuskurena na farko, na yi amfani da mazubin roba, ban kuma ajiye kwalba ɗaya babu ƙasa ba. Malamina ya duba alƙaluman ya ce, "Ka tabbata ƙasa ce ta sha, ba robar ba?" Mako biyu suka tafi a banza. Na koma gilashi.

Fadama ta riƙe maganin fiye da jigawa nesa ba kusa ba. Atrazin ya fi maƙalewa a ruɓaɓɓen ganye da taki, ƙasar jigawarmu kuwa ba ta da su sosai, yumɓunta ma kaolinait ne, mai raunin kamu. Farakwat, wani maganin ciyawar, daban yake, cajin lantarkinsa na sa shi manne wa yumɓu gam.

Inda na fi daɗewa shi ne batun zafi. Na maimaita gwajin a digiri 25, 35 da 45 na ma'aunin Salsiyas, na mayar da su ma'aunin Kelbin, wato 298, 308 da 318, sannan na bi lissafin van 't Hoff, masanin Holan da ya fara karɓar kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901. Duk sa'ad da zafi ya hau, riƙon sai ya sassauta. Ma'anarsa, maƙalewar tana fitar da zafi ne, kuma zafin da take fitarwa kaɗan ne, alamar cewa kamun na sama-sama ne, ba haɗuwar sinadari ba. Kuzarin Gibs, ma'aunin da ke nuna ko abu zai faru da kansa, ya fito ƙasa da sifili, wato maganin da kansa yake hawa ƙasar, amma ruwa na iya sauko da shi.

Nan hankalina ya tashi. Ana feshi ne farkon damina, ƙasa na nan da zafin bazara, rijiyar da iyalan kawu ke sha kuma tana gangaren gonar. Na je na same shi, na ce, "Kawu, ku ƙara takin gida, ku daina ƙona karan masara, kada kuma ku yi feshi hadari na haɗowa." Ya ce zancen taki ya ji, amma kara da shi ake dahuwa, sai mun sake zama.