Mun kama haya a kasuwar da muke kushewa

Mun daɗe muna magana da kanmu ba mu sani ba. Mu 'yan ƙalilan ne masu kiran jama'a zuwa ga manhaja mai 'yanci, wadda kake da ikon aiki da ita yadda ka ga dama, ka leƙa cikinta, ka gyara, ka raba wa wani. Muka buɗe ɗakin hira a Matrix, muka yi asusu a Mastodon, kafofin sadarwa biyu masu 'yanci da ba kamfani ɗaya ke riƙe da su ba, muka zauna jiran baƙi. Duk wanda ya shigo sai ka tarar ya riga ya san Linux, tsarin sarrafa kwamfuta mai 'yanci, wani ma ya fi mu sani. Tallar ruwa muke yi a bakin rafi.

Ni na kawo shawarar mu buɗe shafi a ɗaya daga cikin manyan kafofin sada zumuntan nan na kamfanoni. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Malam, ta yaya za ka ce wa mutum ya fita daga gida, kai kuma ka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan?" Yana da hujja. Duk abin da ka wallafa a can ƙarin dalili ne ga mai karatu na ci gaba da zama, kuma zaman nasa shi kamfanin ke sayar wa masu talla. Na ce masa, "Baba, ai aikin GNU na gina tsarin kwamfuta mai 'yanci, da Richard Stallman ya shelanta a 1983, a kan tsarin Unix aka fara rubuta shi, kuma Unix na da masu shi. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa maye gurbin sassan Unix ɗin da masu 'yanci." Bai gamsu ba, amma ya yi shiru.

Mutane kuwa sun zo. Wadda ba na mantawa wata malamar makaranta ce da ta turo hoton fuskar kwamfutarta, ta ɗauka da waya a karkace, ga gargaɗi ja yana cewa lasisin manhajar rubutunta ya ƙare, ga jarrabawar ɗalibai ba ta gama bugawa ba. Na nuna mata LibreOffice, manhajar rubutu mai 'yanci kuma kyauta. Da daddare ta dawo ta ce takardunta sun buɗe, sai dai jadawali ɗaya ya karkace, muka daidaita shi tare. Wannan baiwar Allah ba za ta taɓa nemo mu a Matrix ba, don ba ta san akwai shi ba. Ban kuma yi mata huɗubar 'yanci ba a ranar. A Turanci kalma ɗaya ce ke nufin kyauta da 'yanci, har masu kiran ke shan wahalar bambancewa. Mu muna da kalmomi biyu, amma duk da haka yawancin mutane kyautar ce ke kawo su, zancen 'yanci sai an saba.

Kuskurenmu shi ne da muka ga kasuwa ta ci, sai muka tare. Tambaya ta zo a can, mu amsa a can. Yadda ake sa Linux a tsohuwar kwamfuta, yadda ake shawo kan na'urar buga takardu da ta ƙi aiki, duk suka taru a ƙarƙashin sharhi, inda injin bincike ba ya kaiwa sosai, mu kanmu ba ma iya lalubo su bayan wata guda. Amsa ɗaya na rubuta ta ba adadi. Na kuma lura idan na sa hoto saƙo ya yi nisa, idan na sa adireshin shafinmu na waje sai ya kwanta. A hankali na daina sa adireshin. Ba wanda ya tilasta mini, kafar ce ta horar da ni.

Sai wata safiya aka dakatar da shafin. Ba bayani, ba mutumin da za ka yi wa magana, sai wani fom da ka cike ka jira. Kwanakin da aka yi kafin a mayar mana, ba mu da hanyar gaya wa mabiyanmu ko da "muna nan". Ba mu da adireshin imel ɗin kowa. Abin ba baƙo ba ne a wannan duniyar: a Disambar 2022, watanni biyu bayan Elon Musk ya sayi Twitter, kafar ta toshe adireshin Mastodon na ɗan lokaci. Mai rumfa shi ke da doka.

Yanzu komai a shafinmu muke fara wallafa shi, wanda muke riƙe da makullinsa, sannan mu kai taƙaitawa da adireshi can. Tambaya mai nauyi, a rubuta amsarta a gida a turo mahaɗi, ko da saƙon zai kwanta. Wanda ya tambaya sau biyu muna gayyatarsa ɗakin hira, wasu su zo, da yawa ba sa zuwa.

Da Debian, ƙungiyar da ke haɗa wani nau'in Linux, ta sanar a Janairun 2025 cewa ta daina wallafawa a X, wato tsohuwar Twitter, dattijon nan ya turo mini labarin ba tare da ya ƙara ko kalma ba. Na ce masa Debian sunanta ya isa a nemo ta duk inda ta koma, mu kuwa da saura. Shafinmu na kafar kamfanin yana nan, kuma har yau duk taron da muka yi sai ya tambayi ranar rufe shi.