Noman gansakuka a Katsina, daga ruwan gishiri zuwa ruwan kanwa

Ranar da Baba ya ga jarkoki jere a bayan gidanmu na Ƙofar Ƙaura ruwan ciki ya yi kore shar, cewa ya yi a zubar kafin sauro ya cinye mu. Na ce Baba ai abincina ke nan, gansakuka nake nomawa ina sayar wa masu ƙyanƙyasar tarwaɗa.

Da ta teku na fara, wadda ake kira Nannochloropsis. To Katsina ina teku? Dole ka haɗa ruwanka da kanka, ruwan teku kusan giram 35 na gishiri ke cikin kowace lita, ni kuwa na ɗauka gishirin miya ya isa, ashe akwai magniziyam da wasu sinadarai da babu su a ciki, sai da na yi odar gishirin akwariyom, wato na tankin kiwon kifin ado, daga Legas mai shegen tsada. Ruwan famfo ma sai ya kwana a buɗe kulorin ya fita. Abu ya yi kyau da hunturu, amma ita sanyi-sanyi take so, wajen digiri 25, bazara na shigowa zafi ya haura 40 jarkokin suka ɗashe ɗaya bayan ɗaya, wallahi har ciwon kai na yi.

Shi ne na koma Spirulina, wata irin gansakukar, ina noma ta a kwatami. Ita ruwan kanwa take so, ita ce gansakukar da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan Chadi suna shanyawa a rairayi su sa a miya, dihe suke ce mata. Zafi kuma har digiri 35 murna take. Ruwan burtsatse nake sawa, da farar kanwa na jiƙa na tace, gishiri kaɗan, sai takin yuriya ɗan mitsitsi, nan ne wurin wasa da wuta don in ya yi yawa warin amoniya zai tashi ta mutu a kwana guda, in ya yi kaɗan kuma ta koma ɗorawa-ɗorawa. Kanwar ma kowane buhu da halinsa, sai na gwada a kwalba ɗaya tukuna.

Yaron shagona ke juya kwatamin da sanda safe da yamma tunda wuta ba tabbas. Da asuba muke tacewa da ƙyalle mai laushi, mu matse, mu shanya a inuwa cikin gidan sauro saboda ƙura. Baba yanzu shi ke tuna mani in rufe kwatamin in hadari ya haɗo.