Haƙƙin ma'aikaci idan an rage ma'aikata

Duk wanda ya tashi a unguwar Kakuri da ke Kaduna ya san abin da rufe masaƙu ya jawo wa gidaje. Kawuna yana cikin waɗanda aka sallama, kuma har yau takardar sallamarsa tana ninke cikin wata tsohuwar jakar leda a ƙarƙashin katifarsa, domin bai daina sa ran za a biya shi ragowar kuɗinsa ba.

Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai kamfani, idan zai rage ma'aikata, ya sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalilin ragin da yawan waɗanda abin zai shafa, sannan a fara da wanda ya shigo daga baya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin sallama, domin dokar ba ta yanka adadi ba, ta ce ne kawai mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa. A ganina wannan gurbi ne ya bar irin su Kawu a hannun rahamar masu kamfani.

Sashe na 11 kuwa ya ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama: mako biyu ga wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata guda ga wanda ya kai shekara 5. Wanda aka tauye masa haƙƙi yana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, amma ya riƙe takardar ɗaukarsa aiki da takardun albashinsa, domin su ne hujjarsa a gaban alƙali.