Sabuwar kwalta ba ita ce lafiyar hanya ba

Abin da ke damuna shi ne da an ce hanya ta yi kyau, abin da ake nufi kawai babu ramuka, an zuba sabuwar kwalta shikenan. Alhali a manyan hanyoyin da ke ratsa karkara ranar da aka gama gyara ranar direbobi ke ƙara taka mota, ita kuma muguwar kwanar nan tana nan yadda take, bishiyar bakin titi ba ta gusa ba, ga yara na tsallakawa ga dabbobi ga tirela ta lalace an barta babu ko alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara haɗarin kisa da kashi 4. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya fa, kafin ƙafa ta kai birki an wuce wurin.

Ni a ganina tambayar da mai duba hanya zai yi ita ce, in direba ya yi kuskure a nan me zai same shi? Don kuskure dole ne, wani zai yi gyangyaɗi wani zai yi obatekin a kan tudu bai ga mai tahowa ba. Ƙungiyar iRAP mai auna lafiyar hanyoyi a ƙasashen duniya haka take aiki, suna ɗaukar bidiyon hanya su duba ta mita 100 bayan mita 100, faɗin gefen titi, shinge, mahaɗa, wurin tsallakawa, sai su ba ta tauraro 1 zuwa 5, kuma na mai mota daban na mai babur daban na mai tafiya a ƙasa daban. Wannan rabewar ta burge ni wallahi, don shi talakan da ke tafiya a gefen titi ba a cika tunawa da shi ba. A ƙasar Suwidin ma da taho-mu-gama ya dame su shingen waya suka sa a tsakiyar hanyoyin karkara.

Kuma don Allah a riƙa duba hanya da dare da lokacin ruwa, ba da rana tsaka kaɗai ba, a auna nisanta da asibiti mafi kusa, don da yawa ba a take suke rasuwa ba, jiran taimako ne ke kashe su.