Faifai takwas ne suka fito lafiya

Ranar Alhamis zan miƙa makullin ɗakin saba, bayan shekara huɗu a cibiyarmu ta koyar da kwamfuta da ke Zoo Road. Abin da har yau bai bar zuciyata ba shi ne maganar fulofi, wato ƙaramin faifan ajiya na da.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san Windows XP ba ta girkuwa da kanta sai ta sami winnt.sif, fayil ɗin amsoshin girkawa mai ɗauke da sunan kwamfuta da lambar lasisi, mu kuma a faifan A, wato fulofi, muke sa shi. Kwamfuta 30 muke ƙirƙira a cikin saba ɗaya ga kowane rukunin ɗalibai, kowacce da nata faifan, wanda shi ma fayil ne a cikin sabar. Da hannu ake yi, a wuni ana abu ɗaya. Ni na rubuta sikirif, wato jerin umarnin da zai yi aikin da kansa: dd ya yanko fayil mai bayit 1,474,560, mkfs ya tsara shi a FAT12, mount ya ɗaura shi, a zuba fayiloli.

Sai na manta umount, umarnin da ke sauke faifai bayan an gama. CentOS 6 da ke kan sabar kuwa loop takwas kacal gare ta, wato guraben da ake ɗaura fayil a matsayin faifai. Daga faifai na tara mount ya ƙi, sikirif bai tsaya ba, ya ci gaba da zuba fayiloli a folda, faifan na nan wayam. Biyun farko na gwada, suka tashi. Na roƙi Oga awa biyu na janareto in gwada sauran, ya ce dizal ba ruwan rijiya ba ne.

Washegari ɗalibai 22 suka zauna gaban shuɗin allo yana ta jero musu tambayoyi. A gabansu Oga ya kira ni: "Injiniya, wannan ne aikin naka?" Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri." Laifin umount nawa ne, ban musa ba. Amma bai ambaci janareto ba, kuma albashin mako guda ya tafi.

A daren na koma mtools, kayan aikin da ke rubutu a faifan FAT kai tsaye. Da mformat da mcopy ba ka buƙatar mount, ba ka buƙatar root, wato izinin mai kula da saba. Na sa set -e a sama, don sikirif ya tsaya da zarar wani umarni ya gaza. 

Shekara uku ke nan sikirif ɗin bai ba da kunya ba. In baƙi sun zo, Oga kan nuna shi a matsayin tsarin da cibiya ta ɓullo da shi.

Wanda zai gaje ni: akwai layin mdir a ƙarshe mai leƙa kowane faifai ya tabbatar winnt.sif na ciki. Ko an ce yana ɓata lokaci, kada ka cire shi.