Katifar atisaye da kuɗin sayenta a ƙungiyar ciyalidin ta sakandare

Ina cikin masu horar da ƙungiyar ciyalidin a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Amurka. Su ne yaran nan, galibinsu mata, da ake gani a bakin fili suna ƙarfafa wa 'yan wasa gwiwa da waƙa da tafi. Wannan rabin aikin ke nan. Sauran rabin alkafura ne, da ɗaga mutum a kan tafin hannu, da cilla shi sama a cafe. Biyu su riƙe ƙafafun yarinya, ɗaya ta tsaya a baya tana tsaron kai da wuya, su miƙe hannuwa gaba ɗaya. A wannan tsayuwar kan yarinyar ya haura mita uku daga ƙasa. Don haka kafin a yi maganar kayan ado ko gasa, sai a fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafa.

Filin gasa na sakandare a mafi yawan wurare katifa tara ne a jere. Kowace ɗaya faɗinta ƙafa 6, tsawonta ƙafa 42, wato kimanin mita 1.8 da mita 12.8. In an haɗa su a sami fili mai ƙafa 54 da 42. Soso ne mai tauri da aka manna wa kafet a sama, yawanci shuɗi, kaurinsa inci ɗaya da uku bisa takwas, ko inci 2. Ana haɗe bakin kowace biyu da ɗamarar Velcro mai faɗin inci 4 wadda take kama gashin kafet ɗin. Babu sifirin a ƙarƙashi. Fili mai sifirin sai a gidajen horo masu zaman kansu, inda iyaye ke biyan kuɗi duk wata.

Abin da ya fi muhimmanci a sani, kuma iyaye da yawa ba su sani ba, shi ne wannan shuɗiyar katifa ba a yi ta don tare faɗuwa daga sama ba. Tana rage wa idon sawu da gwiwa da wuyan hannu wahala, tana hana santsi, tana rage ƙujewa. A 2009 Brenda Shields da Gary Smith, masu bincike a wani asibitin yara a Columbus ta jihar Ohio, sun auna tsayin da in kai ya bugi ƙasa daga gare shi raunin zai iya barazana ga rai. A kan siminti, ko tayil da aka shimfiɗa kan siminti, rabin ƙafa ne kacal, santimita 15. Abu biyu kaɗai suka wuce ƙafa 10 da rabi: fili mai sifirin, da katifar sauka mai kaurin inci 4 da aka ɗora a kan shuɗiyar katifar. Ita shuɗiyar a karan kanta ba ta kai ba. Tun da na san haka, ba mu koyon sabuwar ɗagawa sai an jawo katifar sauka an ɗora, an kuma tsayar da masu tara a kewaye, hannuwansu sama, idonsu a kan ta sama ba a kan junansu ba. Sai ƙungiyar ta yi abin ya zauna sarai, sau da yawa a jere ba tangarɗa, kafin mu janye katifar.

Dokokin hukumar wasannin sakandare ta ƙasa, NFHS, sun hana cilla mutum sama a kan katakon filin kwando in babu katifa. Sai a kan katifa, ko ciyawa, ko hanyar tsere mai roba. Ginin mutum kan mutum bai wuce hawa biyu a sakandare, kuma tun 2012 aka hana saukowa da juyi biyu zuwa hannun masu cafewa. Waɗannan dokoki jini ne ya jawo su. Lokacin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsayarta a 2012, ta nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da 'yan mata suka samu kai tsaye a wasannin sakandare, irin karayar wuya da ta ƙoƙon kai, daga wannan wasa suka fito. Ta nemi a daina ɗagawa a kan ƙasa mai tauri, ta kuma nemi jihohi su ɗauki ciyalidin a matsayin cikakken wasa.

A nan matsalar kuɗi take. A jihohi da gundumomi da dama har yanzu ana lissafa ciyalidin cikin ayyukan bayan darasi, ba cikin wasanni ba. A 2010 wani alƙalin tarayya, a shari'ar jami'ar Quinnipiac, ya yanke cewa ba za a ƙirga shi a matsayin wasa ba ƙarƙashin dokar daidaito tsakanin maza da mata a makarantu ta 1972. Jihar Kalifoniya sai a 2015 ta yi dokar da ta shigar da gasar cikin wasannin sakandare. Inda ba a shigar ba, kasafin wasanni bai san da ku ba, ɗakin wasanni kuma na 'yan kwando da 'yan ƙwallon raga ne har dare. Sai a tura yara ɗakin cin abinci, a ture tebura gefe. Daɓen wannan ɗaki kuwa tayil ne a kan siminti, wanda binciken can ya sa a ƙarshen jeri. Wasu kan ari katifar 'yan kokawa. Ta fi babu, amma fuskarta roba ce, takalmi yana kafewa a kai lokacin juyi, ga makero da ke yaɗuwa in ba a goge ta kullum.

Farashin da muka tarar, kowane naɗin katifa ɗaya yana dosar dala 1,000, ban da kuɗin babbar motar da za ta kawo, wanda ba ƙarami ba ne tunda kowanne ya kusa kilo 50 kuma yana cin wuri. Tara a tashi ɗaya ya fi ƙarfinmu, don haka muka rarraba. Muka fara da uku da katifar sauka ɗaya. Uku a haɗe suna ba da faɗin ƙafa 18, ya isa rukuni biyu su yi ɗagawa da tazara a tsakani, sauran su jira layi. Naɗi ɗaya tak ba ya isa ɗagawa, domin wadda ta suɓuce ba a miƙe take faɗowa ba, gefe take yi, kuma ƙafa 6 taku biyu ne. Wanda zai ƙara daga baya ya kula ya sayi kauri ɗaya daga kamfani ɗaya. In aka haɗa mai inci 2 da marar kauri, an yi tudu a tsakiyar fili.

Hanyoyin tara kuɗi sanannu ne: wankin motoci, sayar da abinci a ranar wasa, tallan 'yan kasuwar gari a jikin tuta. Wanda ya fi kawo mana kuɗi shi ne horon yini ɗaya ga yaran firamare, inda manyan ke koya musu tafi da rawa, iyaye su biya, yaran su fito a hutun rabin lokaci. Amma tara kuɗin bai kai tsare shi wuya ba. In yana asusu ɗaya da na sauran hidima, riga sabuwa da kuɗin shiga gasa za su cinye shi, saboda su ido ke gani. Ni a ganina gara a sake sa rigunan bara. Mun sa ƙungiyar iyaye ta ware wa katifa asusu nata, aka rubuta a takardar taro cewa ba a taɓa shi don wani abu.

Ga hukumar makaranta kuwa, roƙo da baki bai yi aiki ba. Abin da ya yi aiki takarda ce mai shafi ɗaya zuwa ga shugaban makaranta da daraktan wasanni: ga dokar, ga daɓen da muke atisaye a kai, ga farashi daga kamfani uku har da kuɗin kawowa, ga jerin abubuwan da za mu daina yi a ranar wasa har sai an samu katifa. Da zarar maganar ta zama ta inshora da alhakin rauni, sai a saurara. Ya kamata kuma a sani cewa abin da iyaye suka saya suka ba makaranta ya zama na gunduma, don haka a rubuta tun farko inda za a ajiye shi da wanda ke riƙe da makulli. In ba haka ba za a wayi gari an shimfiɗa katifar an jera kujeru a kai ranar taro, ƙafafun kujeru su huda soson.

Tsohuwar katifa daga gidan horon da ya rufe tana da sauƙi, amma a je a gani da ido. A warware ta duka, a taka da diddige daga wannan kai zuwa wancan. Inda aka ji taurin ƙasa, soson ya mutu. A ɗaga gefe a duba ko kafet ya fara rabuwa da soso, a kuma shinshina, domin wadda ta sha danshi ba ta rabuwa da wari.

Mafi yawan targaɗen da na gani a bakin haɗi ya faru, ba a tsakiyar katifa ba. Yara na sauri, su bar tazarar yatsa biyu tsakanin katifu su rufe da ɗamara, ƙafa ta faɗa ciki a wajen sauka. Sai a matse bakin biyu sosai tukuna, mutum ɗaya ya riƙe kan ɗamarar, ɗaya ya ja yana dannawa har ƙarshe. Ɗamarar da ta cika da gashi da zare ta daina kamawa, a tsefe ta ko a sauya, ba ta da tsada. Katifun tsakiya sun fi shan duka, don haka duk zangon karatu muna musanya su da na gefe. Irin wadda aka tsattsaga bayan sosonta ana naɗe ta kafet na ciki ba sai an kifa ta ba, marar tsaga kuwa sai an kifa, in aka tilasta mata kafet ɗin zai yamutse. A ɗaure da maɗauri biyu ba da matsi sosai ba, a tsayar da ita a ɗaki mai iska, nesa da zafin rana. Kafin kowane atisaye mutum ɗaya ya bi filin yana tsince fil ɗin gashi, kuma takalmin da aka taka waje ba ya hawa.